Mai Karɓar Jingina da Matarsa

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Haka ne, amma daɗi daban, gaskiya daban. Akwai wata irin hikaya a ƙasashen Turai inda marubuci ya kan ɓuya, ya bar mutum guda ya yi ta ba da labarin kansa kamar mai tuba, alhali kuwa wanke kansa ya ke yi. A 1961 wani malamin Amurka, Wayne Booth, ya raɗa wa irin wannan mutum suna, watau mai ba da labarin da ba a dogara da maganarsa. Amma abin ya girmi sunan, kuma a ganina babu misalin da ya kai wani ɗan labari na Dostoyefski, marubucin nan na Rasha.

Sunan labarin Krotkaya, watau mai tawali'u. Ya buga shi a watan Nuwamba 1876, bayan ya karanta a jarida cewa wata mai ɗinki a birnin Fitasbag ta faɗo da kanta daga bene, rungume da hoton ibada irin na Kiristocin ƙasar.

Ga yadda ya tsara shi. Wani mai karɓar jingina, ɗan shekara 41, yana kai da kawowa a ɗakinsa, gawar matarsa na shimfiɗe bisa tebur, yana so ya gane abin da ya faru. Ba wanda ke magana sai shi. Marubucin ya ce mu ɗauka wani akawu mai saurin rubutu ne ya laɓe yana rubuta duk abin da ke fita daga bakinsa.

Yarinyar marainiya ce, ba ta cika 16 ba, tana kawo masa 'yan komatsanta jingina. 'Yan'uwan iyayenta mata biyu da ke riƙonta suna shirin aurar da ita ga wani mai kanti da ya riga ya binne mata biyu. Sai mutumin namu ya nemi aurenta, yana ganin ceto ya yi. To, a nan mai karatu ya fara lura. Da bakinsa ya faɗi cewa tazarar shekarun nan ta yi masa daɗi. Da ta zo masa da murna, tana ba shi labarin ƙuruciyarta, sai ya amsa mata da shiru, da gangan, wai don ta gano darajarsa da kanta. Ya yanka kuɗin cefane rubul 1 a yini, da ya ƙara kofek 30 kuwa sai ya lissafa shi cikin alherinsa.

Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Shirun nan shi ne bulalarsa.

Abin da ke cinsa a zuci tsohon miki ne. Dā hafsan soja ne, aka tilasta masa barin aiki don ya ƙi yin fito-na-fito da bindiga, irin wanda hafsoshin lokacin kan yi in an taɓa mutunci, aka ce matsoraci ne. Ashe ramuwar da ya kasa yi a kan maza ita ya ke yi a kan yarinya. Wata safiya ta ɗora masa libarba a kai yana kwance. Ya buɗe ido, ya rufe, bai motsa ba har ta sauke. Maimakon ya tambayi abin da ya kai ta ga haka, sai ya ɗauka ya ci nasara. Ran nan ya sayo gadon ƙarfe da abin kangewa, ya ware mata makwanci. Ta kwanta ciwo mako 6, suka ƙare hunturu kusan ba mai ce wa wani uffan.

Ku malaman makaranta, da ku da ku ke rubuta ƙara ko sauraron koke, kun san irin wannan mai magana. Ba ƙarya ya ke shararawa ba, kusan duk abin da ya faɗa ya faru. Fassarar ce karkatacciya. Abin da ya kira horo zalunci ne, abin da ya kira girman kanta tsoro ne. Ita kuwa da aka yi wa, 'yan kalmominta ƙalilan ne a labarin duka, su ma ta bakinsa mu ke jinsu. Saboda haka in na karantar da irin wannan, na kan sa ɗalibai su ja layi a takarda, su rubuta abin da mutumin ya aikata a gefe guda, sunan da ya ba aikin a ɗaya gefen. Da wuya gefen biyu su yi daidai.

Shari'a ma ta daɗe ba ta ga wannan irin cuta ba, tun da ba ta barin tabo a jiki. Sai a 2015 aka yi doka a Ingila da Wales wadda ta mai da danniya da juya abokin zama laifi, da ɗaurin da zai iya kai shekara 5. Shekara 139 ke nan bayan labarin.

Dostoyefski ya ce a ƙarshe gaskiya ta bayyana ga mutumin. Ni dai ban sakankance ba. Wata rana cikin Afrilu ya ji tana 'yar waƙa yana gida, ya gane ta manta da shi sarai. Nan da nan ya zube a ƙafafunta, yana kuka, yana alkawarin kai ta bakin teku a Faransa. Wannan ƙauna ta farat ɗaya ta firgita ta fiye da shirun, domin ita ma ba a shawarce ta ba. Ya fita neman fasfo, kafin ya komo ta faɗo ta taga, da hoton nan da ta taɓa kawo masa jingina a hannunta.

Sa'an nan ya yi ta nanata cewa da minti 5 kurum ya makara, sai ka ce laifin na agogo ne. Tambayar da ya ƙare da ita kuwa, ga takalmanta nan ajiye a gindin gado, ita ce yadda shi zai yi gobe in an ɗauke gawar.