Kujerar Alƙali, Kamfen Ɗin Jakadu

A ƙa'ida, alƙalin Kotun Duniya da ke birnin Hague ba wakilin ƙasarsa ba ne. Ba ma gwamnati ce ke tsayar da shi kai tsaye ba. Wani rukunin masana shari'a na ƙasa ne ke miƙa sunansa. Amma suna na shiga, sai aiki ya koma hannun jakadu: liyafa, wayar minista zuwa minista, da cinikin "ba ni gishiri in ba ka manda".

Kujerun 15 ne, wa'adinsu shekara tara, ana sabunta biyar duk bayan shekara uku. Sai ɗan takara ya yi rinjaye a wuri biyu: ƙuri'a 97 a Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, 8 a Kwamitin Sulhu, inda hawa kujerar na-ƙi ba ya aiki a wannan zaɓe.

A Nuwamban 2017 aka ga inda gizo ke saƙa. Nawaf Salam na Labanan, wanda ya shekara goma yana jakadan ƙasarsa a Majalisar, ya san ƙofar kowa, ya lashe kujerar da ake ɗauka ta Asiya ce. Saura kujera ɗaya, alƙalai biyu masu neman tazarce: Dalveer Bhandari na Indiya da Christopher Greenwood na Birtaniya. Babu mai cewa Greenwood bai san shari'a ba. Zagaye bayan zagaye Kwamitin Sulhu na ba shi tara, Bhandari biyar, Babban Zaure kuwa na ƙara karkata ga Indiya, har ta kai 121 da 68.

Indiya ta yi da gaske. Ministar harkokin wajenta, Sushma Swaraj, da kanta ta riƙa kiran takwarorinta. A lokacin ƙasar na da ƙara a gaban kotun kan Kulbhushan Jadhav, ɗan ƙasarta da Pakistan ta yanke wa hukuncin kisa. Amma a ganina abin da ya kayar da Greenwood ya wuce ƙoƙarin Indiya: ƙasashe masu tasowa sun gaji da al'adar da ke ajiye wa manyan ƙasashe biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu kujera a kotun kamar gado. Alama ta nuna tun watan Yuni, ranar da Zauren ya yi biris da Birtaniya, da ƙuri'a 94 da 15, ya tura batun tsibiran Chagos, waɗanda Birtaniya ke riƙe da su, gaban kotun.

Birtaniya ta so a koma ga taron haɗin gwiwa na zaurukan biyu, wanda dokar kotun ta tanada amma ba a taɓa kira ba. Da ta ga abin zai zama tonon silili, ranar 20 ga Nuwamba jakadanta Matthew Rycroft ya janye sunan Greenwood. Bhandari ya samu 183 a Zaure, 15 a Kwamiti. Karon farko ke nan tun 1946 da kotun ta rasa alƙali ɗan Birtaniya, kuma haka ta zauna a 2019 ta ce Birtaniya ta tattara ta bar Chagos.