Kwaɗon Kabeji daga Bakin Komadugu

Shirinmu na yau daga kwarin Komadugu yake. Wannan kogi da ya raba Nijar da Najeriya kafin ya faɗa Tafkin Chadi kusa da Bosso, da jan tattasai aka san shi. Amma idan sanyi ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lambunan bakin kogi kan cika kasuwar Diffa da albasa da tumatir da kabeji, wanda wasunmu ke kira shu. Maganata a kan kabejin nan ɗaya ce: rabinsa ma bai kamata ya shiga tukunya ba. A yi kwaɗonsa ɗanye, a ci yana garas-garas.

Dalili na farko yana cikin ganyen kansa. Giram 100 na ɗanyen kabeji na ɗauke da bitamin C sama da miligiram 35, sinadarin da zafi ke lalatawa, ruwan dahuwa kuma ya kwashe wani kaso. Shi ne ke taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da gero, abin da mai ciki ta fi kowa bukata. Dalili na biyu itace ne. Tun harin da aka kai Yebi da Bosso a 2016, dubban iyalai suka koma zama a gefen babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1, inda damin itace ke cin kuɗin cefane, fita neman sa a daji kuma kasada ce ga mata da 'yan mata. Abincin da za a haɗa a minti goma ba tare da an hura wuta ba ya wuce kayan marmari a irin wannan gida.

Haɗin bai da wuya, uwargida. Ki zaɓi kai mai nauyi, wanda ya dunƙule tsam. Ki ɓare ganye biyu ko uku na waje, ki raba shi huɗu, ki cire itacen tsakiya, ki wanke, ki bar ruwan ya tsane sarai. Sannan ki yanka siri-siri da wuƙa mai kaifi, don dakusasshiya murje ganye take yi ya yi laushi. Ki zuba yankakkiyar albasa, dakakken ƙuli-ƙuli, garin tattasai, ɗan man gyaɗa da ruwan lemun tsami. Gishiri shi ne na ƙarshe, sai an zo ci, domin yana janyo ruwan ganye, in ya daɗe a ciki sai kwaɗon ya saki. Wanda ya ce ganye ba ya riƙe ciki, a haɗa masa da dambu, ko dafaffen wake, ko jiƙaƙƙen garin rogo. Mayonis kuwa, a ganina, ba shi da gurbi a nan: kuɗinsa ya fi na kabejin, kuma kwalbar da aka buɗe ba ta jure zafin Diffa a gidan da ba firji.

Akwai mai cewa ɗanyen ganye hanyar cuta ce, kuma maganarsa tana da nauyi. A 2017 ciwon hanta nau'in E, mai sa shawara, ya ɓarke a jihar Diffa ta hanyar gurɓataccen ruwa, mata masu ciki ne kuma suka fi rasa rayukansu. Duk wanda ya ga wannan yana da hujjar tsoron abin da bai ga wuta ba. Sai dai inda haɗarin yake shi ne ruwa da hannu da faranti. Kabeji daga ciki yake girma, ganye na rufe ganye, don haka ƙasa da ruwan ban-ruwa ba sa isa cikinsa kamar yadda suke shiga latas mai buɗaɗɗen ganye. Idan aka zubar da na waje, aka wanke hannu da sabulu, aka wanke kabejin da ruwan da aka tafasa ya huce ko wanda aka sa wa ƙwayar kulorin, an rage haɗarin ƙwarai. Kada a dogara da lemun tsami ko gishiri, ba sa kashe dukkan ƙwayoyin cuta. Kuma na yarda, lokacin ambaliya ko ɓullar kwalara, ko inda ba tabbacin ruwa, a dafa shi ya fi, musamman ga mai ciki da ƙananan yara.

Ƙorafin da ya fi wuyar amsawa shi ne na maganin ƙwari. Tsutsa na son kabeji, manomi kuma kan yi feshi har dab da yanka don kada kayansa su yi huji. Wanki na rage wanda ke saman ganye, amma ba ya cire wanda ya shiga ciki, dahuwa ma ba ta kawar da shi duka. Gyaran nan a lambu yake. Kowane magani na ƙwarai yana da kwanakin jira a rubuce a jikin kwalbarsa, tsakanin feshin ƙarshe da yanka, kuma haƙƙin mai saye ne manomi ya cika su. Ku kuma masu cefane, kada ɗan huji a ganyen waje ya kore ku, dama zubar da shi za a yi. Ku tambayi mai lambu yaushe ya yi feshin ƙarshe kafin ku biya.