Bangaskiya a Lokacin Tsanani: Yadda Kiristoci Ke Jure Wahala da Naƙasa

Addinin Kirista bai yi wa mabiyansa alkawarin rayuwa marar wahala ba. Littafi Mai Tsarki cike yake da labaran mutanen da suka sha ciwo da yunwa da ɗauri da kora daga gida, kuma gicciye, alamar da aka fi sanin Kiristoci da ita, asalinsa itace ne da Romawa ke kashe mutane a kansa. Abin da bangaskiya ke ba mai bi shi ne ƙarfin ɗaukar wahala ba tare da ta karya masa zuciya ba. Wannan ƙarfi yana zuwa ta koyarwar da ke ba wahala ma'ana, ta addu'a da waƙa, ta zumuntar ikilisiya, ta aikin taimako, da kuma ta gafara. Ana iya ganin kowannensu a tarihin ikilisiyoyin arewacin Najeriya da kudancin Nijar.

Tushen koyarwar

Kiristoci sun gaskata cewa Yesu Almasihu ya ɗanɗana yunwa da gajiya, abokansa sun gudu sun bar shi, an yi masa shari'ar zalunci, an gicciye shi, sa'an nan ya tashi daga matattu a rana ta uku. Daga wannan imani mai bi ke ɗaukar darasi biyu. Na farko, wanda yake kai wa kukansa ya san zafin wahala, domin shi ma ya sha ta. Na biyu, mutuwa ba ita ce ƙarshen magana ba. Shi ya sa ake bikin Ista kwana biyu bayan Jumma'ar da ake tunawa da gicciye, kuma a jana'izar Kirista ake haɗa hawaye da waƙoƙin bege.

Labaran da ake koya wa yara tun daga makarantar Lahadi suna ƙarfafa wannan fahimta. 'Yan'uwan Yusufu sun sayar da shi, an yi masa ƙazafi an jefa shi kurkuku, daga baya ya zama sanadin ceton iyalinsa daga yunwa a Masar. Ayuba ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya, abokansa suka dage cewa lalle akwai laifin da ya aikata, amma a ƙarshen littafin su aka tsauta wa. Manzo Bulus ya rubuta wasu wasiƙunsa yana tsare, ciki har da wadda ya aika wa Filibiyawa, wadda duk da haka farin ciki ya mamaye ta. A wasiƙarsa ta biyu ga Korantiyawa ya ba da labarin wata damuwa da ya kwatanta da ƙaya a jikinsa. Sau uku ya roƙa a ɗauke masa ita, ba a ɗauke ba, sai dai aka nuna masa cewa alherin Ubangiji zai riƙe shi a cikin rauninsa. Masu wa'azi kan koma ga wannan wuri idan suna magana da mai ciwon da ya ƙi jin magani.

Akwai kuma labarin mutumin da aka haifa makaho, a sura ta 9 ta Bisharar Yohanna. Almajirai sun tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa ya jawo masa makanta, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Wannan amsa tana da nauyi a wuraren da ake danganta naƙasa da baki ko sammu ko maita. Uwar da ta haifi gurgu ko kurma takan sha tsegumi a unguwa, wani lokaci har daga dangin miji. Koyarwar da ta raba naƙasa da laifi tana sauke mata wannan kaya, tana kuma buɗe wa yaron ƙofar makaranta maimakon a ɓoye shi a ɗaki.

Addu'a da waƙa

Littafin Zabura yana da surori 150, kuma da yawa daga cikinsu kuka ne na mutumin da abin duniya ya ishe shi: yana tambayar Allah har yaushe, yana faɗin tsoronsa da ɓacin ransa ba ɓoye-ɓoye. Saboda haka ba a ɗaukar hawaye a matsayin rashin bangaskiya. Mai bi yana da damar ya amayar da abin da ke cikinsa a gaban Mahaliccinsa, kuma wanda ya faɗi damuwarsa yakan fi samun sauƙi fiye da wanda ya haɗiye ta.

An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekarar 1932, kuma tun daga lokacin Hausa ta zama harshen sujada ga ƙabilu masu yawa a Filato, kudancin Kaduna, Gombe, Bauchi, Adamawa da Taraba, har zuwa Maraɗi a Nijar. Littafin Waƙoƙi ya shiga gidaje tare da shi. Amfanin waƙa shi ne tana zama a ka. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba, ko majinyacin da ba ya iya ɗaga littafi, yana iya rera ta a gadon asibiti da tsakar dare. Ɗaya daga cikin mashahuran marubuta waƙoƙin sujada a duniya, Fanny Crosby 'yar Amurka, wadda ta rayu daga 1820 zuwa 1915, makauniya ce tun tana jaririya, amma ta rubuta dubban waƙoƙi da har yau ake rerawa cikin harsuna da dama.

Zumuntar ikilisiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sabon Alkawari ya kwatanta ikilisiya da jiki ɗaya mai gaɓoɓi da yawa, inda ciwon gaɓa guda ke taɓa sauran. A aikace, babu inda wannan ya fi bayyana kamar a Zumuntar Mata, ƙungiyar da kusan kowace ikilisiya a arewa ke da ita.

Idan aka yi rasuwa, matan zumunta ne kan fara isa gidan. Sukan zo da zanensu iri ɗaya, wata da mudun masara a ka, wata da daurin itace, wata da sabulu ko kwalbar man gyaɗa. Wasu su kama murhu, wasu su shimfiɗa tabarma su kewaye matar mamaci. Mai buga tulu ta zauna ta sa shi tsakanin ƙafafunta, mai bayarwa ta ɗauko waƙa, sauran su amsa. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Sannu Mama, Ubangiji ya ta'azantar da ke." Sukan kwana a gidan na wasu kwanaki, kuma bayan an watse ana ci gaba da leƙowa. Haka dattawan ikilisiya kan yi baiko na musamman don kuɗin asibiti ko kuɗin makarantar maraya, matasa kuma su yi gayya a gonar gwauruwa lokacin damina. Wannan tsari ne ke tsaya wa talaka a inda babu inshora, babu fansho.

Kutare da makafi

A da, kuturta na cikin cututtukan da suka fi raba mutum da jama'a. Labarin da Bishara ta bayar cewa Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu ya sa Kiristoci da dama suka ɗauki jinyar kutare a matsayin kira. A 1929 'yan mishan na Church of the Brethren suka buɗe wurin jinyar kutare kusa da Garkiɗa. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ta karɓi aikin jinya a Yadakunya ta Kano, Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, sa'an nan a 1956 aka buɗe cibiyar Danja kusa da Maraɗi. A waɗannan wurare majinyata sun koyi karatu da noma da sana'o'in hannu, wasunsu kuma suka zama malaman asibiti da masu bishara. A Indiya, wani likita Kirista ɗan Ingila, Paul Brand, ya nuna cewa yawancin asarar yatsu a kuturta na faruwa ne saboda jijiyoyi sun mutu, mutum yana ƙonewa ko ya ji rauni bai sani ba. Wannan ya sauya yadda ake kula da hannu da ƙafar majinyaci. Tun daga 1981 akwai haɗin magunguna da ke warkar da cutar, kuma kyauta ake ba da shi.

Haka abin yake a fannin ido. Asibitin ido na ikilisiyar ECWA da ke Kano ya fara aiki a 1943, makarantar makafi ta Gindiri kuma a 1953. Ɗaya daga cikin ɗalibanta shi ne Bitrus Gani-Ikilama, wanda aka haifa a 1944, ya makance yana ƙarami sanadiyyar ƙyanda. A lokacin da aka ɗauka makomar makaho ita ce sanda da ƙoƙon bara, ya koyi karatu da rubutun makafi, ya wuce sakandare, ya tafi Landan ya yi karatun gashi da motsa gaɓoɓi, ya dawo ya yi shekaru yana aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A 1976 ya fara aikin da ya zama gidauniyar Hope for the Blind a Zariya, wadda ke taimaka wa makafi da kayan karatu da horon sana'a. Rayuwarsa ta nuna yadda wanda aka tallafa ke juyowa ya tallafi wasu, domin koyarwar Kirista ta ce kowane mutum an halicce shi da daraja, kuma kowa yana da baiwar da zai yi hidima da ita.

Lokacin tashin hankali

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, ta samo asali ne a Garkiɗa, inda aka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya ranar 17 ga Maris, 1923. Yawancin mabiyanta suna kudancin Borno da arewacin Adamawa, wato tsakiyar yankin da rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita Musulmi da Kirista baki ɗaya. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok a watan Afrilun 2014 'ya'yan wannan ikilisiya ne. A watan Oktoba na shekarar mayaƙa suka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci. An ƙone majami'u masu yawa, jama'a suka watsu zuwa Yola, Jos, Abuja da Kamaru.

EYN na cikin ikilisiyoyin da koyarwarsu ta hana ɗaukar makami da ramuwar gayya, kuma ta tsaya a kan haka. Inda duk 'yan gudun hijira suka sauka sai su taru a inuwar bishiya ko cikin aji su yi sujada. Ikilisiyar ta shirya tarukan warkar da raunin zuciya, inda mutane ke zama a da'ira kowa ya faɗi abin da ya gani, a yi kuka tare, a yi addu'a. Dakta Rebecca Dali, 'yar wannan ikilisiya, ta jagoranci ƙungiyar CCEPI wajen tallafa wa gwauraye da marayu da matan da suka kuɓuta daga hannun mayaƙa, Musulmi da Kirista, aikin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017. A Gurku ta Jihar Nasarawa kuma an kafa matsuguni inda iyalan addinan biyu da suka tsere daga arewa maso gabas ke zaune tare.

Gafara

Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa ta haɗa neman gafarar Allah da yafe wa wanda ya yi wa mutum laifi, kuma Kiristoci da yawa sun yarda cewa wannan ne umarni mafi wuya. Fasto James Wuye na Kaduna ya rasa hannunsa na dama a wani rikicin addini a 1992, lokacin yana jagorantar matasan Kirista. A ɗaya ɓangaren, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, kowa da ƙullinsa a zuciya, kuma ya ɗauke su shekaru kafin aminci ya zauna. Kowannensu ya bayyana cewa koyarwar addininsa ce ta sa ya ajiye niyyar ramuwa. Cibiyar sulhu da suka kafa ta taka rawa a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002 da ta Yelwan Shendam a 2005. A fahimtar Kirista, yafewa ba ta soke shari'a ko neman haƙƙi. Tana dai 'yantar da wanda aka zalunta daga ƙiyayyar da za ta ci gaba da cin ransa.

Bangaskiya da magani

Akwai wa'azin da ke cewa duk mai cikakkiyar bangaskiya ba zai yi ciwo ko talauci ba, har wasu kan hana majinyaci shan magani. Malaman tauhidi da dama sun yi tir da wannan, domin yana ɗora wa mai wahala laifi a kan wahalarsa, kuma ya saɓa wa labarin Ayuba da na Bulus. Luka, marubucin ɗaya daga cikin Bisharu huɗu, likita ne. Ikilisiyoyin da suka gina asibitin Vom a 1922, asibitin Galmi a Nijar a 1950, da sashen jinyar masu yoyon fitsari a asibitin Jankwano da ke Jos sun ɗauki allura da tiyata a matsayin hanyoyin da Allah ke warkarwa. Haka kuma mai fama da ciwon damuwa ko firgici bayan tashin hankali yana buƙatar likita da mai ba da shawara tare da addu'ar 'yan'uwa. Fasto mai hikima yakan yi wa majinyaci addu'a, sa'an nan ya tabbatar an kai shi asibiti, ikilisiya kuma ta taimaka da kuɗin magani.