Yadda Ƙaramar Makarantar Ƙauye Ke Mutuwa

Wanda ya saba ratsa ƙauyukan ƙasar Ƙaraye da Rogo yakan ci karo da wani gini mai aji biyu ko uku a bayan gari, iska ta yaye kwanonsa, awaki suna kwana a ciki. In ya tambaya sai a ce masa, "Ai makaranta ce a dā." A irin wannan gini na koyi abacada, ina aji huɗu aka rufe shi. Da yake ɗalibanmu da yawa daga ƙananan makarantu suka fito, kuma ƙannensu suna can har yanzu, na ga ya kamata in bayyana yadda abin yakan faru.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE. Lokacin akwai kuɗin man fetur. Aka giggina azuzuwa har a ƙananan ƙauyuka, aka horar da malamai cikin gaggawa. A unguwannin Maguzawa, inda a dā mai bishara ne ke koya wa yara karatu a majami'a, mutane ba a dunƙule suke zaune ba. Gida nan, gida can, kowane a tsakiyar gonarsa. Don haka makarantar irin wannan wuri ƙarama ce tun ranar da aka kafa ta.

Sai kasuwar mai ta faɗi. A 1982 Shugaba Shehu Shagari ya kawo matakan tsuke bakin aljihu, albashin malamai ya fara yin watanni bai zo ba. Bayan sojoji sun karɓi mulki, jihohi da dama suka ɗora wa iyaye biyan kuɗi, yara suka ragu a azuzuwa. A 1986 shirin SAP na Janar Babangida ya karya darajar naira. A 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, a 1991 aka rushe ta aka miƙa makarantu ga ƙananan hukumomi, a 1993 kuma aka sake dawo da ita. Cikin shekara biyar riƙon firamare ya sauya hannu sau uku, kuma makarantar da ta fi nisa da hedkwata ita ake fara mantawa da ita.

Don a yi adalci, bari mu dubi lissafin ma'aikacin ofis. Mafi yawan kuɗin firamare albashi ne. Malamin da ke gaban yara takwas, albashinsa ɗaya da na wanda ke gaban arba'in. Idan kuɗi ya gaza, ga makaranta mai malamai uku da yara talatin, ga wata kuma a cikin gari inda yara suka cika aji har bakin ƙofa, dole ne ya yi tunanin haɗe su. Ba mugunta ba ce. Akwai ma inda yaran suka ragu da gaske, kamar wuraren da mutane suka tashi sa'ad da aka datse ruwan Challawa a ƙasar Ƙaraye, aikin da aka kammala a 1992, ko ƙauyen da samarinsa suka koma Kano da iyalansu.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Sau da yawa raguwar yara ba ita ke fara zuwa ba. Albashi ya makara, sai malamin da ke zuwa daga gari a kan keke ya fara fashin Litinin, daga baya ya ƙara da Juma'a. Wani ya nemi canji zuwa bakin titi, ba a aiko madadinsa ba. Uba ya lura ɗansa yana tafiya da safe yana dawowa da hantsi, shekara uku bai iya rubuta sunansa ba, ga gonar masara da ta rake suna neman hannu. Sai ya cire shi. Wa zai ga laifinsa? Maƙwabci ya gani ya bi sahu. Ranar da sufeto ya zo ƙidaya, watakila ranar kasuwa ce ko tsakiyar girbi, ya sami yara ƙalilan ya rubuta. Wannan lambar ita za ta je ofis a matsayin hujja cewa mutanen ƙauyen ba sa son ilimi, alhali rashin malami ne ya haife ta. Kafin takardar rufewa ta iso, makarantar ta daɗe da mutuwa.

A takarda akan rubuta cewa an haɗe ta da ta gari kaza, ba a cewa an rufe. Kuɗin da hukuma ta tsimi kuwa ƙafafun yara ne ke biyansa. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya tafiyar sa'a guda. Ɗan shekara shida ba zai iya ba, balle da damina in rafi ya kawo. 'Yan mata su ake fara tsayarwa a gida, domin uwa ba ta sakin 'yarta ta ratsa daji ita kaɗai. A ajinmu, mu maza kaɗan muka ci gaba. Cikin 'yan matan babu wadda ta gama aji shida, kuma wadda ta fi mu duka iya lissafi tana cikinsu. Na kan tuna da ita duk lokacin da nake raba takardun jarrabawa.

Yau doka tana bayan iyaye. An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta ce shekara tara na farko kyauta ne, wajibi ne. A 2024 gwamnatin Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Sai dai lissafin ofis bai canja ba, lamba yake dubawa.

Saboda haka dattawan ikkilisiya da zumuntar mata kada su jira takarda. Su riƙa leƙa rajista tare da hedimasta, su san yaran da suka daina zuwa da dalilinsu. Idan malami ya yi mako bai zo ba, ƙungiyar iyaye da malamai ta kai maganar ga sakataren ilimi a rubuce, ta ajiye kwafi. Malamin da aka ba ɗaki da 'yar gona a ƙauye ya fi wuyar gudu. A haɗa kai da mai unguwa da liman, gama yaransu da namu benci ɗaya suke zama, kuma lamba ɗaya ake ƙidaya su. In kuwa haɗewar ta zama dole, a roƙi a bar aji ɗaya zuwa uku a ƙauyen a hannun malami guda, ko da a ɗakin majami'a ne daga Litinin zuwa Juma'a, manyan su riƙa tafiya gari a ƙungiya.