Kula da Takalmin Padel, Kula da Ƙafa

Wasan padel, wanda Enrique Corcuera ya ƙirƙira a garin Acapulco na ƙasar Meziko a shekarar 1969, ya samu gindin zama a Sifaniya da Ajantina, kuma a 'yan shekarun nan ya fara shigowa manyan birane irin su Legas da Abuja. Mutum huɗu ke buga shi, biyu-biyu, a fili mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, wanda aka kewaye da gilashi da ragar ƙarfe. Ƙasan filin ciyawar roba ce da aka barbaɗa wa yashi. Mai wasa yakan zabura gefe, ya ja birki, ya juya ya tare ƙwallon da ta dawo daga gilashi, duk cikin taku uku ko huɗu. Takalmi ne ke ɗaukar wannan wahala gaba ɗaya, shi ya sa ya kamata a ɗauke shi a matsayin kayan kariya. Abin takaicin shi ne, yawancin ɓarnar da ake yi masa tana faruwa ne bayan an tashi daga wasa.

A juya takalmin a duba ƙasansa. Da yawansu suna da tsagi-tsagi masu kama da ƙayar kifi, kuma aikinsu shi ne su kama ciyawa su ture yashi, yadda ƙafa za ta ɗan zame in ana so, ta tsaya cak in ana so. Idan yashi ya haɗu da danshi ya cushe tsagin nan, ƙasan takalmin ya zama sumul, santsi ya samu wurin shiga. Maganin bai wuce minti biyu ba: a buga ƙafafun takalmin biyu da juna, sannan a bi tsagin da tsohon buroshin haƙori. Wanda ya fi yashi ɓarna shi ne kwalta. Mai zuwa fili sanye da takalmin wasansa tun daga gida, yana ratsa titi da siminti, fiƙe robar yake yi kamar mai wasa wuƙa a dutse. A ɗauko shi a jaka, a sa shi a bakin fili, a cire shi a nan.

Sai kuma zafi da danshi. Tsakanin tafin ƙafa da robar ƙasa akwai soso mai shanye ƙarfin dira, kuma gam ne ke riƙe sassan takalmin. Zafi yana sassauta gam, yana taurara roba, yana sa soson ya tsuke. Don haka barin takalmi a but ɗin mota cikin ranar watan Afrilu, ko shanya shi a kan kwano da tsakar rana, ko jefa shi a injin wanki, duk gaggauta mutuwarsa ne. Abin da ya dace shi ne a kwance igiya, a zare shimfiɗar ciki, a goge jikinsa da tsumma mai ɗan ruwan sabulu, a cusa masa tsohuwar jarida ta tsotse gumi, a ajiye shi a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Wani zai ce ai rana ce ke kashe wari, kuma da ita muka saba shanya komai. Haka ne, rana tana busarwa da sauri, amma warin daga gumin da aka kulle a jaka yake fitowa. In aka fito da takalmin ya sha iska da zarar an koma gida, aka kuma wanke safa, babu abin da ya rage wa rana ta yi sai ɓarna. Wani kuma zai ce targaɗe tsautsayi ne, kowane kambas ma ya isa. To amma takalmin gudu an gina shi ne don tafiya gaba, ba shi da ƙarfin gefe da zai riƙe idon sawu a lokacin juyi, kuma tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba. Batun tsada ma gaskiya ne, domin daga waje ake shigo da takalmin padel. Sai dai tsadar hujja ce ta kulawa, tun da buroshi da jarida da inuwa ba su cin ko sisi. Mai buga wasa kusan kullum, in yana da hali, ya riƙa canja takalma biyu don kowane ya bushe sosai.

Kulawa ba ta hana tsufa, saboda haka a san lokacin rabuwa. Idan tsagin ya shafe a ƙarƙashin babban yatsa, ko dunduniya ta karkace gefe guda in aka ajiye takalmin a kan tebur, ko gwiwa ta fara ciwo bayan wasan da aka saba, to takalmin ya gama aikinsa ko da samansa na sheƙi. Ya kai mai wasa, ka duba ƙasan takalminka kafin ka shiga fili, domin kuɗin sabon takalmi bai kai na jinyar gwiwa ba.