Yaron Kasuwa da Yaron Aji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Tsafe ko ta Bungudu, ya ga yaro ɗan shekara 12 yana awon dawa da tiya, yana haɗa kuɗin buhu uku da rabi da ka, ya ba da canji babu kuskuren ko sisi, lalle zai yi mamaki idan aka ce masa wannan yaron ne yake faɗuwa lissafi a makaranta, har a yanke masa hukuncin daƙiƙanci.

A ganina, illa ta farko daga harshe take. Hisabi ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin tun kafin zuwan boko malaman zaure suke karantar da babin fara'id na Risala, almajiri ya san nisfi da rubu'i da sudusi da sumuni, ya raba gado tsakanin magada bisa ƙa'ida; kuma Muhammadu al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi talifi a kan hatimin lissafi. To amma yaron da ya san sulusi sarai, idan aka kawo masa mas'alar da Ingilishi, sai wahalarsa ta zama biyu, ga ta fahimtar lafazi, ga ta warware mas'ala, kuma galibi tun a lafazin yake tuntuɓe.

Sa'an nan sai malami. Gusau tana da Kwalejin Ilmi ta Tarayya, tana da Jami'ar Tarayya tun 2013, sai dai gwanin lissafi bai cika son zaman ƙauye ba, a ƙarshe alli ya faɗa hannun wanda wani fanni ya karanta, ya sa yara haddar ƙa'ida ba tare da sanin dalilinta ba.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne yankewar karatu. Lissafi silsila ce, kowane babi a kan na baya yake zaune, ga shi kuma fannoni da yawa na jami'a ba a shigarsu sai da kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO. Da aka rufe makarantun Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda satar ɗalibai, watanni suka shuɗe yara suna gida. Ɗalibin tarihi yana iya kama darasi daga tsakiya. Wanda kuwa ya tafi bai gama rabawa ba, ya dawo ya tarar an shiga aljabara, sai ya zuba wa allo ido.