Ranar Da Aka Yi Abu Ita Ma Jari Ce A Hannun Ɗan Kasuwa

Duk wanda ya san kasuwannin Magariya da Dungas ya san mutanenmu ba su da mantuwa a kan kuɗi. Mai ƙuli-ƙuli za ta lissafa maka masu bashinta ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya ci na dala biyar, dillalin awaki kuwa zai faɗa maka nawa aka taya akuyar da ya sayar bara. To amma ka tambaye su yaushe aka yi, sai ka ji ana "wajen kaka ne", ko "bayan salla kaɗan". Wace salla? Ta wace shekara? Nan ne gardama take tashi, kuma nan ne ake asarar dukiya da zumunci gaba ɗaya.

Ba laifin kowa ba ne, domin mu a wannan yanki da lissafi uku muke rayuwa. Akwai watannin Musulunci da muke azumi da salla da su, akwai na Bature da gwamnati da duwan da banki suke aiki da su, sannan ga lissafin gona, wato bazara da damina da kaka da ɗari da rani. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, shi ya sa Layya ta 2019 ta faɗo cikin watan Agusta, ana tsakar damina, ta 2025 kuwa ta zo a farkon Yuni, lokacin da ciyawa take da tsada kuma manomi yake neman kuɗin iri. Mai kiwon rago da ya ce zai yi bana kamar yadda ya yi shekara shida baya, ya auna da tiyar da ba ita ba.

Tsofaffinmu sun san wannan matsala, sai suka riƙa laƙaba wa shekaru suna. Har yau ana ambaton Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Yunwar 1984 kuwa a nan ƙasar Hausa ta Nijar ƴar Buhari ake ce mata, saboda a watan Afrilun wannan shekara gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canza launin takardun naira ta kuma rufe iyaka, ga fari ya riga ya cinye gonaki, kuma ba a buɗe ba sai 1986. Suna yana riƙe shekara, amma ba ya riƙe wata da rana, kasuwanci kuwa da rana ake yin sa.

Shawarar da muke kawo wa masu karatu ba ta da tsada, kaye guda ne da biro. A buɗe shafi biyu masu kallon juna, a ja layi dogo daga wannan gefe zuwa wancan, a raba shi gida 12, kowane gida wata ɗaya. A saman layin a riƙa sa abin da ba ya hannunka: ranar ruwan shuka, ranar salla, ranar da aka rufe iyaka ko aka buɗe, ranar da canjin naira ya motsa, ranar da OPVN ta fara sayar da hatsi a farashi mai rahusa. A ƙarƙashin layin kuma a sa naka: ranar da ka sari kaya da nawa ka saya, ranar da ka ba da bashi, ranar zubin adashe da ranar kwasa. Kowace shekara da nata shafi. Amfanin ja masa layi, maimakon a yi ta rubutu a jere, shi ne ido yana ganin tazara, yana ganin abin da ya riga wani da abin da ya biyo baya.

Bari mu gwada saman layin da abubuwan da kowa ya gani da idonsa. A ranar 20 ga Agustan 2019, kwanaki kaɗan bayan Layya, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Sai 16 ga Disamban 2020 aka buɗe guda huɗu, ciki har da Maigatari, wadda kasuwarta ta ranar Alhamis ita ce maƙurar dabbobin Dungas da Malawa da Dogo-Dogo. Kusan wata 16 ke nan, kaka biyu ta wuce a ciki, wake da riɗi suna jiran mai saye ko suna bin hanyar daji da tsadarta.

Inda layin ya cunkushe shi ne daga ƙarshen 2022. Ranar 26 ga Oktoba Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, sababbin suka fito 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutanenmu da suke ajiye naira a gida, kuma ba su da asusu a bankin Najeriya, da yawa sun rabu da ita a wulaƙance a hannun ƴan canji. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙolin Najeriya ta ce tsofaffin takardu suna nan daram. Wanda ya yi haƙuri na ƴan makonni bai yi asarar da mai gaggawa ya yi ba, ko da yake, gaskiya, a lokacin ba wanda zai iya rantsuwa cewa haka za ta ƙare. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin man fetur, man bumburutu ya yi tsada, kuɗin mota ya hau. A tsakiyar Yuni aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, ta yi ƙasa. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ranar 30 ga wata CEDEAO ta sa takunkumi, iyaka ta sake rufuwa. Daga sanarwar canjin kuɗi zuwa juyin mulki wata 9 ne cif. An ɗage takunkumin 24 ga Fabrairun 2024, iyakar ta buɗe cikin Maris, sannan a Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa waje in ban da Mali da Burkina Faso.

Yanzu a ce wata ta ba abokiyar cinikinta bashin buhun wake da naira a watan Mayun 2023, aka zo biya a Disamba. Adadin nairar bai canza ba, amma jikkunan sefa da za ta canzo ba su kai na da ba. Idan babu rana a rubuce, ɗaya za ta ce an cuce ta, ɗayar ta ce ai abin da aka yi alkawari ta biya, a ƙare gaban mai unguwa ana rantse-rantse. Idan kuwa akwai rana, da kuɗin da aka yi ciniki da shi, da canjin wannan ranar, magana ta zama ta lissafi. A ganinmu duk bashin da zai wuce kasuwa biyu a wannan bakin iyaka, a rubuta shi da sefa, ko a rubuta canjin ranar a gefensa. Sefa tana ɗaure da yuro, kusan 656 a yuro ɗaya, ko da yake waɗanda suka ga Janairun 1994, da aka rage mata daraja da rabi a dare ɗaya, ba sa yarda a ce musu akwai kuɗin da ba ya motsi.

Za a ce mana yawancin iyayenmu mata ba su yi lakkol ba. Haka ne, amma mai fura da take jan zane da gawayi a bango ta riga ta san rabin aikin, zanenta yana faɗin nawa, rana ce kawai ba ya faɗi. Wadda ta yi allo ta rubuta da ajami. Wadda take da ɗa a makaranta ta ba shi minti biyar duk daren kasuwa. Mai babbar salula kuwa ta ɗauki hoton kayan, ko ta tura saƙon murya ta WhatsApp ga wanda ta ba bashin tana faɗin kaya da kuɗi, domin hoto da saƙo duk suna ɗauke da ranarsu. Sai dai salula tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta, don haka a mayar da abin cikin kaye.

Farashin da za a sa a layin ma ba sai an wahala ba. Hukumar SIMA tana tattara farashin hatsi a kasuwannin ƙasar nan ana kuma karanta shi a gidajen rediyo, amma wanda ya fi amfani shi ne na kasuwarku, tiyar gero da ta wake da ta riɗi, sau ɗaya a mako, a rana guda da ba ta canzawa. Shekarar farko ba za ta nuna wani abu sosai ba. A ta biyu da ta uku, idan aka jera shafukan, mai rake a Bande ko mai wake a Waca zai fara ganin makon da kaya suke faɗuwa a kaka da makon da suke juyowa, ya kuma bambanta tashin da bazara take kawowa kowace shekara da wanda wata sanarwa daga Abuja ko Yamai ta haddasa.